Kwalbar Duba-gari

"Baiwar Allah, amshi kwalbar nan ki shiga ki ciko min ita daga rijiya."

Yana tsaye a bakin zauren Goggo Larai ya faɗi haka, hannunsa riƙe da wata 'yar kwalba mai farin murfi. Ni kuma na fito daga gidana da bokiti biyu zan shiga ɗiban ruwa, kamar yadda nake yi kullum tun da aka kawo ni wannan layi na Ƙanƙara ina amarya, shekara goma sha ɗaya ke nan. Ban taɓa ganinsa ba, amma rigar kaki da fayil ɗin da ya danne a hammata sun gaya mini ko wane ne. Duba-gari ne. Daga baya na ji ana kiransa Harisu.

"Ka shiga mana ka gani da idonka," na ce.

Ya nuna mini bango da haɓa. An rubuta BA SHIGA da gawayi, ruwan sama ya wanke rabinsa.

"Gidan matan aure ne, ni ba ni shiga. Wadda muke yawo da ita don irin wanga an tura ta Faskari. Ki dai ciko, sauri nike, gida goma sha ukku ya rage min."

Matar auren da yake jin nauyi ta bar gidan shekara huɗu. Lawwali ɗan Goggo ne ya yi rubutun lokacin da ya yi aure, kuma tuni ya kwashe iyalinsa ya koma Sheme yana sayar da kaya a bakin titi. Babu kowa a gidan sai tsohuwa mai shekara saba'in da kajinta. Na buɗe baki zan gaya masa haka, sai na rufe. Na san abin da zai gani in ya shiga.

Mijin Goggo, marigayi Malam Gide, shi ya haƙa rijiyar da hannunsa, gaba goma sha biyu. Da zai rasu ya bar wasiyya: kar a sayar da ruwan, kar a rufe wa kowa ƙofa. Goggo ta riƙe wannan magana kamar salla. Layinmu kaf a nan muke sha, kuma ko tsinke ba ta taɓa karɓa daga hannun kowa ba. Gugan farko na kowace safiya ma ba namu ba ne. Sai ta cika wani fasasshen kasko a gindin bango don tsuntsaye, sannan ta ce mu ja namu.

Sai ɓarayin daji suka koro mutanen ƙauyukan wajen Yargoje da Pauwa, gari ya cika maƙil. Alhaji Mas'udu, mai bohol ɗin bakin titi, ya sayi kangon da ke bayan gidan Goggo ya zuba ɗakunan haya goma sha biyu. Ban ga laifin waɗanda suka shiga ba, wanda ya tsira da ransa ba ya zaɓen ɗaki. Amma mutum sittin da ɗoriya ya haƙa wa masai guda ɗaya, kuma duk faɗin filin nan bai ga inda zai kai shi ba sai jikin katangar Goggo, daidai bayan rijiya. Tun farkon damina katangar ta fara jiƙa daga ƙasa, ba ta bushewa ko an yi rana.

Kuma wata guda kafin wannan rana, duba-gari sun je layin bayanmu sun auna rijiyar gidan Mero. Suka dawo da jan fenti da siminti suka toshe ta. Masan maƙwabcin da ya ɓata ruwan ko leƙa shi ba su yi ba. Yanzu Mero da 'ya'yanta bakwai sai abin da kurar ruwa ta kawo daga bohol ɗin Alhaji Mas'udu, ranar da babu abin saye kuwa su kwana da tukunya a kife. Da wannan a raina na karɓi kwalbar na shiga.

Goggo na zaune a tabarma tana tsinke zogale.

"Wa ke magana a zaure, Safara'u?"

"Duba-gari ne, Goggo. Wai ruwa za su auna."

Ta yi dariya har giɓinta ya fito. "Ja mishi. Ja mishi daga ƙasa, shi kai ma manyanshi su sha su ji. Ruwan Malam ba ya jin kunyar kowa. Malam ya ce ruwa in launinshi bai sake ba, ɗanɗano bai sake ba, wari bai sake ba, to mai tsarki ne, ko liman ya yi alwala da shi. Mi kwalba za ta sani wanda littahi bai sani ba?"

Launin bai sake ba, gaskiya ne. Amma hancin Goggo ya daɗe da mutuwa, tuwo kan ƙone a gabanta ba ta ji ba. Ni ina ji. Duk ranar da aka yi ruwan sama, in na jawo guga, wani ɗan wari kan bugi hancina ya wuce. Ruwa ba ya tsami banza. Sati biyu ke nan da na sa maigidana Abdulganiyu yake sayo jarka ɗaya ta bohol, ina ajiye ta a bayan ƙofa don 'yata Nana kaɗai. Ban gaya wa kowa ba, don ina jin kunyar Goggo ta ji na raina ruwanta.

Na jefa guga na jawo, na cika bokitina. Na juya wa Goggo baya, na bi ta 'yar kafar da ke tsakanin gidanta da nawa, na cika kwalbar daga jarkar Nana. Na zagayo na miƙa wa Harisu.

Ya ɗaga ta sama ya duba da hasken rana. "Garau," ya ce. Ya rubuta wani abu a jikinta, ya jefa a jaka, ya hau babur ɗinsa. Ko tambayar inda masai yake bai yi ba.

Ran nan na ji ni jaruma ce. Na ce a raina na tsare wa layinmu ruwa, na hana Alhaji Mas'udu cin kasuwa da ƙishirwarmu.

Bayan kwana goma aka zo aka manna takarda a zauren, da tambari da sa hannu, wai an auna ruwan gidan nan kuma ya dace da sha. Goggo ta sa aka karanta mata har sau uku. Ta nemo leda ta lulluɓe ta don kar ruwan sama ya taɓa. Duk wanda ya zo wucewa sai ta tsayar da shi ta nuna masa.

Takardar nan ita ta ƙarasa mu. Matan da suka fara jan baya saboda warin, suka dawo. Mero ta fara turo bokitanta daga layin baya. Matan gidan hayar ma suka zagayo, Goggo na yi musu maraba tana cewa ruwa na Allah ne. Kullum ina kallon layin bokitai har waje, ina ce wa kaina gobe zan yi magana. Nana kuwa ta ci gaba da shan na jarka.

A tsakiyar Agusta aka yi kwana uku ana zuba ruwa ba ɗagawa. Masan Alhaji ya cika ya tumbatsa. Ran na huɗu yaro guda a gidan haya ya fara amai da gudawa. Ran na biyar ciwon ya shiga gidan Mairo, maƙwabciyata ta hannun dama, ya kama 'yarta Fatima Zahra'u mai shekara huɗu.

Goggo ba ta zauna ba. Ta ɗaura zane ta ɗauki kwanon sha, gida gida tana dama ruwan gishiri da sikari tana ɗura wa yara da cokali. Na tarar da ita a tsakar gidan Mairo, yarinyar kwance a cinyarta ido ya faɗa.

"Goggo, da wane ruwa kika dama?"

"Da wane kau? Da na gida."

"A tafasa shi, don Allah. A daina ba su haka nan."

Ta ɗago ta dube ni kamar na zage ta. "Ke Safara'u, ruwan da hukuma ta sa ma hannu? Takarda na nan a zaure, ki tahi ki karanta tunda ke kin yi boko. Iska ce ta damina, kowace shekara ana yi."

A nan ya kamata in faɗa. Mairo na tsugune tana kuka, Goggo na riƙe da cokali, kalma biyar ta ishe ni. Na ce dai a tafasa, na maimaita a tafasa, na fita. Washegari da hantsi aka ɗauki Fatima Zahra'u a tabarma, ko makara ba ta buƙata ba.

Ran Alhamis da safe na shiga na ga kaskon tsuntsaye a bushe. Goggo na kwance a bakin rijiya, igiyar guga a hannunta, zanenta ya ɓaci. Ni da Mero ta layin baya muka ɗauke ta, ba ta fi nauyin dami guda na kara ba. Muka sa ta a keke mai ƙafa uku zuwa asibiti. Wurin ya cika, an kafa rumfa a waje, mutane kwance jere a kan gadajen da aka huda tsakiyarsu. Wata ma'aikaciya ta yi ta neman jijiya a hannu ba ta samu ba, sai a ƙafa ta sa mata ƙarin ruwa. Aka yi wa Lawwali waya ya ce ga shi nan tafe daga Sheme.

Bayan azahar ta buɗe ido.

"Safara'u, ba ni ruwa."

Na fasa ledar ruwa na kai mata baki. Ta kurɓa ta kau da kai.

"Wanga ba ya kashe ƙishi. Ki aika a ɗebo min na gida."

"Ba za a ɗebo ba, Goggo."

"Don mi?"

Sai na faɗa mata. Na faɗi warin, na faɗi jarkar da ke bayan ƙofata, na faɗi abin da na zuba a kwalba. Ina magana ina kallon ƙasa. Na zaci za ta zage ni, har addu'a nake ta zage ni.

Muryarta da ta fito kamar daga cikin tulu take.

"Ke nan ɗiyar Mairo, ni na ba ta da hannuna."

"Ba ki sani ba, Goggo. Ni ce na sani."

"Cokali bakwai na ba ta. Tana ƙi ina lallashi." Ta rufe ido, ta sake buɗewa. "Ai na ce ki ja mishi. Da bakina na ce. Rijiya ta bayar..."

Ba ta ƙarasa ba, kuma ba sai ta ƙarasa ba. Kowa ya san wanda ya hana.

"Ki yafe min, Goggo."

"Ki ce ma Lawwali a rufe ta. Kar shi bari kowa shi ƙara ja." Ta yi numfashi. "Allah shi yafe muna baki ɗaya."

Na san Goggo shekara goma sha ɗaya. In ta yafe abu, cewa take na yafe duniya da lahira. Ran nan ba ta ce ba. Ta cika ana kiran la'asar, Lawwali ya iso bayan an rufe mata fuska.

Ma'aikatan suka fesa mata magani, suka ce a yi wanka da safar hannu, kar a taru a kanta. Muka kawo ta gida. Ana neman ruwan da za a wanke ta, sai ga kura ta tsaya a ƙofar gida da jarka goma, mai turawa ya ce Alhaji Mas'udu ne ya aiko, sadaka, kar a biya ko kwabo. Na ji maza a waje suna cewa Allah ya saka wa Alhaji da alheri, Allah ya ƙara buɗi. Wallahi da akwai inda zan samo ko ruwan kwata ne da na kifar da jarkokin nan a titi. Babu. Matar da ta shayar da layi guda shekara arba'in, da ruwan mutumin da ya kashe mata rijiya muka wanke ta, ina zubawa ina cije leɓe har ya fashe.

Ran sadakar uku maza na zaune a tabarmi a ƙofar gida, mu mata muna ciki, sai na ji ƙarar babur. Harisu ne, da leburori biyu, da buhun siminti da gwangwanin jan fenti. Ya yi wa Lawwali gaisuwa, ya ce an bi sawun cutar an gano daga rijiyar nan take, an ba shi umarnin toshewa. Ya sa kai cikin zauren ya shigo tsakar gida, mata fiye da ashirin zaune. Rubutun gawayin na nan a inda yake.

Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Yau ka ga hanya?"

Ya tsaya. "Hajiya, aiki aka turo ni."

"Ran nan ma aiki aka turo ka. Ka tsaya a zaure kamar mai bara, ka miƙa ma wadda ba ka sani ba kwalba. Ka san mi na zuba maka? Ruwan bohol na zuba maka! Ka ɗaga ka ce garau. Kuka buga tambari kuka manna, mutane suka sha suka mutu."

Na ga Mairo ta ɗago kai daga inda take zaune a jikin turmi. Na ga ta gane, amma bakina ya riga ya ɓalle.

"Dokarku taku nawa ta ce tsakanin masai da rijiya?"

Ya kau da kai.

"Tambayarka nike!"

"Talatin," ya ce a hankali.

"To zo ka ƙirga."

Na tsaya a bakin rijiya na taka zuwa katanga, ina ƙirgawa da ƙarfi yadda na waje za su ji. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Na dafa katangar na nuna masa tafin hannuna a jiƙe.

"Ga shi nan a bayan wannan. Ka kawo siminti, ka fara da shi."

Maza sun taso sun cika zaure. Alhaji Mas'udu na cikinsu da farar riga da carbi.

"Haba, Safara'u," ya ce, murya a kwance kamar mai wa'azi. "Zaman makoki ake. Kowa da kwananshi. Baiwar Allah ta tahi, a bi ta da addu'a."

"Alhaji, ka bi ta da jarka goma, ya isa."

Wani ya ce subhanallahi. Abdulganiyu ya kira sunana daga baya da muryar da ban taɓa jin ya yi ba. Ban juya ba, Harisu nake kallo. Ya buɗe fayil ya rufe.

"Takardar da aka ba ni ta rijiya ce," ya ce. "Maganar masai sai an rubuto ƙorahi, mai unguwa shi sa hannu, sannan a zauna a duba." Ya dubi katangar, ya dubi hannuna. "Da na shigo ran nan..."

"Da ka shigo," na ce. Kuka ya ci ƙarfina, na zauna a ƙasa.

Lawwali ya ce a rufe, ai haka ta bar wasiyya. Leburorin suka jera itace da kwano a bakin rijiyar, suka kwaɓa siminti da sauran ruwan jarkar Alhaji. Kafin la'asar sun gama. Harisu ya zana jan gicciye a kai, ya ɓare takardar zaure da ledarta ya cusa a aljihu. Da zai fita bai dubi kowa ba.

Mairo ba ta ƙara yi mini magana ba. In mun haɗu a hanya sai ta ja mayafi ta tsallaka ɗaya gefen, kuma ban ga laifinta ba. Ƙorafin an rubuta, ni na sa aka rubuta, na bi gida gida aka dangwala hannu. Wata biyar ke nan yana wurin mai unguwa, kullum sai a ce ana dubawa. Masan yana nan. Daga ɗakina ina jin ƙyauren kwanonsa na bugawa tun asuba. Kurar Alhaji kuwa yanzu sau biyu take shigowa layinmu a rana, kuma ni ma ina cikin masu fitowa da jarka.

Lawwali ya kulle ɗakunan ya koma Sheme, ya tafi da kajin. Ya manta da 'yar kafar da ke tsakaninmu, ban kuma tuna masa ba. Da safe in mai kura ya sauke mini ruwa, kafin in ɗora tukunya, sai in cika moɗa in bi ta kafar. Gugan na rataye a ƙusar da ta saba rataye shi, robar ta bushe ta tsattsage. Ciyawa ta fito a gefen simintin ta mutu. In zuba ruwan a kasko, in koma bakin kafar in tsaya.

Kurciya biyu ne ke fara sauka. Sukan tsaya a kan jan gicciyen tukuna, su duba hagu su duba dama, sannan su gangara su sha.